Matar Da Ke Cikin Amfilifaya

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shigo ɗakinmu na 'yan ci-rani a unguwar Najma rungume da jita da tsohuwar amfilifaya, akwatin nan mai ƙara sauti. Mu huɗu ne a ɗakin, na kuwa riga na cika musu baki cewa yau za su ji jita tana gurnani irin ta turawan nan masu dogon gashi. Bidiyo biyu kacal na kalla, na ɗauki kaina gwani. Na jona jitar da akwatin, na kunna wuta, na murɗe maɓallin da ke ƙara wa sauti kaushi har ƙarshe.

Ban ko taɓa tsirkiya ba sai muka ji muryar mace daga cikin akwatin, ƙasa-ƙasa, da yaren da ba mu sani ba. Na ɗora hannu a kan tsirkiyoyin, ta yi shiru. Na ɗauke, ta dawo.

Baba Inusa, direba mutumin Kumasi, babbanmu, ya ja da baya. Ya ce, "Kai ta sani. Kada ka saki!"

Haka na zauna riƙe da jita har la'asar, ina zufa cikin sanyin esi, suna yi mini tofi daga bakin ƙofa. Babu wanda ya yarda ya matso ya cire wuta.

Wani Ba'indiye maƙwabcinmu, mai gyaran lantarki, ya leƙo ya ce in saki. Ya kasa kunne, sai ya tuntsire da dariya. Ashe ruɓaɓɓiyar wayar jitar ce ta jawo tashar rediyo ta yarensu. Baiwar Allah miyar kifi take koyarwa.

Har yau in na dawo daga aiki, Baba Inusa sai ya rage murya ya ce, "Maigida, ya uwargida? Miyar ta nuna?"