Barmo da Ƙofar Oba-oba

A Tungar Maje, can bakin kogi, akwai wani mutum ana ce masa Barmo. Gida ɗaya suke da matarsa Lantana da yayansa Malam Sallau, malamin makaranta mai son harkar rediyo. Barmo ba shi da ƙiwa. Matsalarsa ɗaya: yadda maganar ta fito daga bakinka, haka zai aikata ta.

Da damina ta kama, Malam Sallau ya samo wa masu jiragen kwalekwale oba-oba guda shida, wato rediyon hannu na magana da juna, don tsallaken kogi waya ba ta shiga, ga ruwa yana ƙaruwa kullum. Sai dai dole a haɗa kowace da kwamfuta a saita mata tasha, kwamfutar kuwa ta ƙi.

Wata rana Malam Sallau ya dafe kai ya ce, "Wai ba ni da izinin bin ƙofar da igiyar oba-oba ke shiga. A ina zan nemo izini?" Barmo ya zari takalmi. Can sai ga shi da mai unguwa, dattijon na haki. Mai unguwa ya ƙare wa kwamfutar kallo, ya ce, "To, na ba shi izini." Ko gezau ba ta yi ba.

Wata rana wani abokin Malam ya bugo daga birni ya ce a cikin kwamfutar akwai ƙungiyar masu wannan izinin, sai an sa sunan Malam ciki. Malam ya sa. Barmo kuwa, da jin "ƙungiya", ya tafi ya rubuta sunan Yaya a ƙungiyar mahauta, da ta 'yan dambe, da ta mata masu ƙuli-ƙuli. Da la'asar sai ga Sarkin Dambe da makaɗa sun zo ɗaukar sabon ɗan wasa.

Wata rana ruwa ya kawo har gindin tsamiyar kasuwa, kwamfuta na nan a kan bakanta. Malam ya fusata ya ce, "Kai Barmo, ɗauke ta daga gabana, ta je ta sha iska!"

Barmo ya fizge ta daga jikin wuta. Da yake batirinta ya daɗe da mutuwa, nan take ta ɗauke. Ya kai ta tsakar gida, ya karɓi maficin Lantana ya yi mata fifita sosai, sannan ya mayar.

"Yaya, ta ƙoshi."

Malam ya kunna ta yana faɗa, ya sake jona igiyar oba-oba. Ashe tun ranar da aka sa sunan, kashewa da kunnawa kawai take jira. Ƙofa ta buɗe! Kafin azahar duka shidan suna magana, kafin magariba an kwaso mutanen tsallake da awakinsu.

Masu jirage suka ɗaga Barmo sama suna kirari. Shi kuwa, mafici a hannu, yana ta ihu, "Ku yi a hankali, maficin na Lantana ne!"