Ranar da Na Kayar da Jikan Hajiya Ramma

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, ranar ɗaurin auren ƴar maƙwabcinmu a Dakoro. Ni malamin Faransanci ne, Mushe ake ce min kamar kowane malamin boko a nan, shekara da shekaru ina riƙe da alli, don haka duk wata takarda ko saƙon da ya gagari unguwa, gurina ake kawowa. (Ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata, ba zan ɓoye muku ba.)

Kakar amarya, Hajiya Ramma, tana da ɗa Iliya da ya daɗe a Kanada. Can aka haifi ɗansa Habibu, ƙaton saurayi mai buga wata ƙwallo mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita. Ni kuwa Kanada ƙasar mafarkina ce. Sau da yawa ina tsaye a aji, zufa na bin bayana, sai in ga kaina cikin doguwar riga mai gashi, ina taka ƙanƙara a hankali, farare na gaishe ni. Ban taɓa wuce Yamai ba, amma in ana zancen Kanada ni ke gyara wa mutane.

Bayan an shafa fatiha, ana cikin rabon goro, Hajiya ta sa aka kira ni tsakar gida, ta miƙo min waya.

"Mushe, saurara mini. Jikana ya aiko magana, ban san mi yake cewa ba."

Na kanga a kunne. Yaron yana magana da Faransanci da sauri, muryarsa na rawa. Kalma ɗaya ta fito min tangaram: repeshaj, tun zagayen farko. To, mu a lakkwal, wato makarantar boko, mun san repeshaj. Shi ne ɗalibi ya faɗi jarrabawa da kaɗan, malamai su ji tausayinsa su tsamo shi.

Na gyara babbar riga, na sassauta murya.

"Hajiya, sai haƙuri. Yaro ya faɗi. Amma an tausaya masa, an jawo shi."

Da na tsaya nan, da da sauƙi. Ina! Mata sun kewaye ni, sai na lula. Na kwatanta musu Habibu shi kaɗai a fili, ƙanƙara na zuba a kafaɗarsa, abokansa sun wuce sun bar shi. Har ni kaina na ji ƙwalla. Hajiya ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Wayyo Habibu, ƙasar mutane!" Masu kiɗa suka yi shiru. Amarya ta aiko a tambaya ko rasuwa aka yi.

Ana haka sai ga kiran Iliya, da hoto, don ya yi barka da aure. Ya ga uwarsa tana kuka.

"Inna, lafiya?"

"Mushe ya ce yaro ya faɗi."

Iliya ya yi dariya har hoton ya karkace. Sannan ya yi bayani, kowa na ji. Ashe a can repeshaj shi ne ranar da manyan ƙungiyoyi ke zaɓar sababbin ƴan wasa bi da bi. Doka ta ce kowace ƙungiya sai ta sa ƴan ƙasa a fili, gwanaye a cikinsu kuwa ba su da yawa, shi ya sa mai wayo ke yin wuf ya ɗauki ɗan Kanada tun da wuri, kafin wani ya riga shi. Wanda aka kira a zagayen farko, rububinsa ake yi. Muryar da na ji tana rawa, murna ce.

Guɗa ta ɓarke. Ni kuma ina tsaye tsakiyar mata, goro a hannu, na rasa ƙofar da na shigo.

Hajiya ta share ido, ta dube ni sama da ƙasa.

"Mushe, haka kake karanta wa ɗiyan mutane sakamako?"

Na ce Faransancin can daban ne. (Ba wanda ya tambaye ni.) Na fita ko takalmi ban sa daidai ba.

Tun daga ranar na koyi wata jimla da ban taɓa koya wa ɗalibai ba: "Ban gane ba, a sake min." Gajera ce, kuma ba ta taɓa sa tsohuwa kuka a gidan biki ba.