Hoton Kaka da Baƙin Gilashi

"Lafiya lau, Maigida. Cefanen yau ke nan, ƙarfe mai ƙafa uku?"

Kaka Tela ce ke tarbar jikanta mai ɗaukar hoto a ƙofar shagonta. Yau ce ranarta ta ƙarshe a nan: ido ya gaza, an sayar da keken ɗinki, masu ɗaukarsa kuma suna hanya. Shi kuwa ya rantse ba za a ɗaga keken ba sai ya yi mata hoton da babu irinsa a gidan kowa.

"Zauna, tsohuwa. Kin samu miji irina kina rainawa."

"Mijin da ya yi mini fitsari a baya?"

Ya kafa kyamara a kan ƙarfen mai ƙafa uku, ya saita ta a kan fuskarta har gashin girarta ya fito ɗaya-ɗaya, ya auna haske, ya kulle saitin. Sannan ya ɗauko wani gilashi baƙi ƙirin ya ɗaura a gaba.

"Kai, makantar da ita ka yi?"

"Haske nake rage mata, don ta daɗe tana kallo. Duk mai wucewa zai ɓace, sai wanda ya tsaya cik. Dole in saita tun tana gani. In na rufe, da abin da ta riga ta sani take aiki."

"To, ai haka nake ɗinki tun bara, ba wanda ya yaba mini."

Maganar ta taɓa shi, amma ya basar. "Kada ki motsa dai."

Ina! Yana dannawa ta shiga lissafo laifuffukansa, tun daga girman kunnuwansa har rowarsa. Hoto ya fito: keke tas, hannuwa tas, baki kuwa sai ka ce hayaƙi.

"Madalla. Na auri mace marar baki."

"Kyamararka ce ragguwa, ba ta iya bin magana."

Sai ga motar masu ɗaukar kaya ta tsaya. Ya ɗaga musu hannu su dakata.

"Kaka," ya ce a hankali, "saura sau ɗaya."

Ta ɗora hannu a kan keken, ta ɗaga kai, ta yi gum. Mutane na ta giftawa tsakaninta da kyamara, ko gezau. Tun da yake bai taɓa jin ta yi shiru haka ba, alfahari ya cika masa ƙirji.

Da kyamarar ta gama ɗauka, ya ciro ta ya miƙa mata. Ta kai allon kyamarar har kan hanci, ta janye.

"Faɗa mini, me ya fito?"

"Duk sun ɓace. Ke kaɗai ce da kekenki."

"Da bakin?"

"Har da shi, a rufe. Ba wanda zai yarda ke ce."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta goge ido da gefen mayafi.

"Ka ci, Maigida, na fasa neman saki. Amma ka wanke shi babba, yadda ni ma zan gani."