Rasuwar Kempir, Injin Jirgin Kawu Sagindik

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, ni Darkan ɗan Ulbolsin, na ƙauyen Akshi, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk masu zuwa rumfar jirage ta bayan gari rasuwar Kempir, wato Tsohuwa, injin ƙaramin jirginmu na sama. Rai ya yi halinsa ranar Talata, tara ga watan Yuli, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a sama, tsakanin tsohuwar rijiya da tafkin gishiri. Ina tare da ita. Babu kowa sai ni.

An haifi marigayiya a cikin wata ƙaramar mota, irin wadda ba a zuba wa ruwa, iska ce ke sanyaya ta. Ba mu san shekarar ba. Kawuna Sagindik, yayan mahaifiyata, shi ya tsinto ta a bayan garejin wani mutum a Taldikorgan, kaji suna yin ƙwai a gefenta. Ya kawo ta gida, ya kwance ta ƙusa bayan ƙusa, ya shekara huɗu yana gina mata jirgi da katako da bututun ƙarfe da yadi. Mutane suka yi ta dariya. Ranar da ta tashi, masu dariyar ne suka fara roƙon a duba musu dawaki.

Aikinta ke nan har ƙarshen ranta, shekara goma sha tara. Duk wanda garkensa ya ɓace a daji, ita ake kira. Ta taɓa gano wani makiyayi da doki ya kayar, ya kwana biyu da karyayyar ƙafa. Ba ta da tsirfar abinci, man da aka samu shi take sha. Da safe takan yi tari biyu, kuf, kuf, a na uku ta ɗauka. In ta hau sama muryarta takan daidaita, taka-taka-taka, kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabta. In an sauka an kashe ta, takan daɗe tana tik, tik, tik tana hucewa, kamar tsohuwar da ke ƙorafi ita kaɗai. Ba ta taɓa barin mutum a daji ba sai sau ɗaya, kuma wannan ɗin ba laifinta ba ne.

Wanda ya taɓa buɗe murfin hancin jirgin ya san tana da riga. Kawu ne ya yanka mata ita da farin kwano, ya kewaye silindarta huɗu da ita tsam, ya bi bakin rigar da roba don ta manne da murfin. Ni dai abin da na sani, riga ce, kuma ta matse.

Shekara biyu da suka wuce ciwon suga ya tafi da idon Kawu. A al'adarmu ɗan 'yar'uwa, wato jiyen, yana da ikon ɗaukar abu uku a gidan kawunsa ba a hana shi, kowa ya san wannan. Na riga na ɗauki wuƙarsa ina ƙarami, na ɗauki sirdinsa. Ranar da na je na zauna ina ta juya kofin shayi, shi ya riga ni magana.

"Ɓarawon gidanmu ya zo," in ji shi. "Ulbolsin ta haifa mini annoba. Faɗi, na ukun ne ya kawo ka."

Na ce, "Kawu, ai ni gaisuwa na zo."

"Gaisuwa da warin fetur a hannu? Ɗauke ta, jiyen. Ka canja mata mai, ka wanke mata filogi, ka zage ta in ta yi taurin kai. Rigarta kawai kada ka taɓa."

Ban tambaye shi dalili ba. Aji tara na tsaya a makaranta, na saba in ji magana in ce to.

Tun daga ranar, duk tashin da zan yi sai na zaga ta saman gidansa. Yakan zauna a kan benci a ƙofa, ya ɗaga hularsa. Da kunne yake ganinta. In na dawo sai ya ce filogi na biyu ya yi datti, in na duba in tarar haka ne. Matarsa ta ce ranar da bai ji Kempir ba, ko rabin abincinsa ba ya ci.

Rashin lafiyar ta fara ne a watan Yuni, da zafi ya tsananta. Allurar zafi ta silinda ta baya, ta hagu, ta riƙa hawa tana kusantar ja. Ya kamata in je in gaya wa Kawu. Ban je ba. Ban so ya ce jiyen ya karɓi amana ya kasa riƙewa. Wata rana da azahar ina kwance a tantinmu na gashin tumaki a wurin kiwo, zafi kamar a cikin tanda, sai mahaifiyata ta zaga ta ɗage irge, wato bargon gindin tanti, ta naɗe shi sama. Iska ta shigo ta ko'ina, nan take wurin ya yi sanyi. Haka iyayenmu da kakanninmu suke yi. Na kwanta ina kallon ciyawa ta ƙarƙashin tantin, na ce a raina, ashe Tsohuwa irge take so a ɗage mata. An ƙunshe ta cikin kwano a wannan zafin, ina za ta sha iska?

Washegari na ɗauki almakashin kwano. Na yanka mata taga biyu a bayan rigar, kowace faɗin yatsu huɗu. Na goge bakinsu da magagari har suka yi sumul. Na ja da baya na duba, aikin ya yi kyau. Gaskiya na ji daɗin kaina.

Tashi biyu na yi da sanyin asuba, ban ga wani abu ba. Na uku shi ne na ranar Talata, ina neman goɗiyoyi goma sha huɗu na wani maƙwabcinmu. Da na kai rijiya allurar ta shiga ja. Na rage mata wuta, na sunkuyar da hanci don ta sha iska sosai. Allurar ba ta sauko ba. Muryarta ta koma tak, tak, tak, mai nauyi, kamar ana sara itace ɗanye. Na ji ƙaurin mai. Ta yi tari ɗaya, farfela ta tsaya a tsaye a gaban fuskata. Ban taɓa ganin farfelar a tsaye ina sama ba. Na ga har wurin da fentin ya goge.

Na sauke jirgin a kan busasshen gishirin bakin tafki, bai ko ƙwarzane ba. Na zauna a inuwar fiffike. Tana tik, tik, tik, ina ƙirgawa, har na ɓata ƙirgen, har ta yi shiru. Akwai busasshen cuku a aljihuna, na ciro na ci. Na yi mamakin da na iya ci. Har yau ina ci, ina barci, ina ba dabbobi ruwa. Ina jiran kukan ya zo, bai zo ba.

Petrobich, tsohon makanikin jiragen feshi da ke zama a rumfarmu, shi ya buɗe ta bayan mun jawo ta da tarakta. Fistin ya narke ya manne, kan silinda ya tsage, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina. Ya zura yatsunsa a tagar da na yanka.

"Wane tela ne ya yi mata wannan ɗinkin?"

Na ce ni ne, na gaya masa zancen irge.

Ya cire tabarau ya goge. "Ɗan nan, iska ragguwa ce. Inda ta ga ƙofa nan take bi. Ba ta kutsawa cikin haƙarƙarin silinda sai an toshe mata ko'ina an tilasta ta. Kai ka buɗe mata ƙofa biyu, ta shiga ta gaba ta fita ta baya, ko sannu ba ta yi wa mara lafiya ba." Sannan ya nuna mini robar bakin rigar, wurin da ta lanƙwashe ta koma baya. Tsawon ɗan yatsa. Ita ce ciwon tun farko. Da babban yatsa ya mayar da ita, ta zauna daidai.

Marigayiya ta rasu ta bar jirgi ɗaya mai lafiya wanda ba shi da abin ja, da farfela, da filogi huɗu sababbi da ba ta kai ga sawa ba, da rabin galan na mai, da goɗiyoyi goma sha huɗu waɗanda suka dawo gida da ƙafarsu ranar Alhamis. Ta kuma bar Kawu Sagindik, wanda har yanzu bai sani ba.

Yau kwana tara. Shekaranjiya na je gaishe shi, ya ce, "Jiyen, tsohuwata ta yi yaji ne?" Na ce iska ce ta yi yawa kwanan nan. Ya ɗaga hannu sama ya riƙe shi a can. Ko ganye ba ya motsi. Ya ce, "Iska, ko? To." Ya turo mini kwanon alewa.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan takarda a ƙofar rumfa, kada ya buga wa Kawu waya, kada ya gaya wa matar Kawun a shago. Ba a jefa wa dattijo labarin mutuwa ta kan katanga. Manya ne ke zuwa su zauna, a sha shayi, a yi zancen ciyawa da na waɗanda suka riga mu, sannan a faɗa.

Ga yadda aka tsara. Ranar Asabar, ashirin ga wata, da ƙarfe goma na safe, Petrobich da dattawa biyu za su shiga wurin Kawu. Petrobich zai karanta masa wannan takarda daga farko har ƙarshe, kuma na roƙe shi kada ya tsallake komai don ya rufa mini asiri. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe addu'a, amma zai zo ya ci abinci. Mahaifiyata ta ce ba za ta toya wainar sadaka bakwai da ake yi wa mamaci saboda inji ba, za ta toya shida. An shimfiɗa marigayiya a kan tebur a rumfa, an rufe ta da bargon doki, ga masu son ganinta.

Ni zan tsaya a bakin ƙofar Kawu, wurin da ake cire takalma. In ya kira ni ciki, zan riƙe masa hannu mu je rumfa ya shafa ta, a sauke ta daga tebur bayan azahar, a kwantar da ita a ƙarƙashin bencin aikinsa. In bai kira ni ba, jama'a su ci abinci su watse, Allah ya ba da ladan zuwa. Gawar za ta jira. Ƙarfe ne, ba ya wari.