Rasuwar Tsohuwa, Kyamarar Sashen Nukiliya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa guntun haushi ba, ni ma'aikacin sashen hoton nukiliya nake sanar da 'yan uwa, abokan aiki da marasa lafiyar da ke layi rasuwar uwar ɗakina, kyamarar ɗaukar hoton cikin jiki, wadda muka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Litinin da hantsi tana da shekara goma sha tara, goma sha huɗu daga ciki a hannuna. Ta rasu da aiki a gabanta. Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ta goye ni, tana zaune a benci an riga an yi mata allura, tana jiran a gano ko cutar dajin da aka yanke mata a nono ta koma ƙashin bayanta.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, har da manajan asibiti da ya sha tsayawa gabanta a ɗauke shi hoto, ga yadda muke aiki. Ni nake auna magani mai tururin nukiliya a bayan katangar darma, in yi wa mara lafiya allura daidai nauyinsa, maganin ya bi jini ya taru inda cuta take. Ita kuma ta sunkuyo da kawunanta biyu a hankali tana "ƙiiii, ƙut", ta tsinto hasken da ido ba ya gani. Ba ta san ɗan wane ba. Attajiri da ɗan dako in sun kwanta a gadonta, duk ƙasusuwa ne. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya don ya ji daɗi ba.

Saboda ita na yi shekara huɗu ina haddace ƙasusuwa da lissafin tururi, na zauna jarrabawar lasisi har sau biyu, nake yawo da ɗan bajo a ƙirji mai auna abin da jikina ya sha. Ita kuwa abu ɗaya tak ta roƙa a rayuwarta: kada a sauya mata yanayin ɗaki farat ɗaya. Idonta faranti ne na kiristal mai kama da gilashi, in aka fito da shi daga zafi zuwa sanyi da gaggawa, tsagewa yake yi. Na rubuta haka da jan biro na manna a ƙofa.

Jinya ta fara ne ranar Juma'a, da aka ce manyan baƙi za su zo ganin sabon ɗakin taro. Manaja, bawan Allahn da har yau ya ɗauka nukiliya sunan wata ƙasa ne, ya sa aka cire layin wutar esin ɗakinmu aka juya shi can. Baƙi suka sha sanyi na minti arba'in, suka tafa, suka tafi. Ba wanda ya tuna ya mayar da layi. Tsohuwa ta yi kwana uku a kulle tana dahuwa.

Nan laifin manaja ya tsaya, ko da yake na so ya fi haka tsawo. Sauran nawa ne.

A aikinmu ba a yi wa kowa allura sai an gwada na'ura da safe an ga idonta garau, domin maganin ba ya jiran kowa, duk awa shida rabin ƙarfinsa ya tafi. Amma Gwaggo ce. Mutum goma sha ɗaya ne a gabanta, na tsallake su duka, na shigo da ita tun kafin nas ta iso, na yi mata allura a ɗakin magani ban ko leƙa marigayiya ba. Ta ce, "Hannunka da sauƙi, ɗan nan, ko cizon sauro ya fi wannan zafi." Na miƙa mata gorar ruwa, na ce ta shanye, nan da awa uku za mu ɗauka.

Da na buɗe ƙofar Tsohuwa, zafi ya mare ni kamar na leƙa gidan burodi. Abin da ya kamata shi ne a sauke zafin kaɗan-kaɗan, yini guda cur. Na sani, ai ni na rubuta takardar ƙofa. Sai dai maganin da ke jikin Gwaggo yana ƙarewa, wani kuma ba zai iso ba sai bayan mako biyu. Na ruga na sa mai gyaran wuta ya mayar da layi, na ɗauki rimot na danna shi har ƙasa, na ƙaro fanka biyu na saita su a fuskar Tsohuwa. Minti hamsin ina tsaye ina yaba wa kaina dabara. Sai na ji "ƙas". Ƙaramar ƙara ce, kuma ita ce kalmarta ta ƙarshe. Na duba allo, baƙin layi ya raba shi gida biyu.

Na kasa fita in faɗa. Injin da ke juya kawunan bai mutu ba tukuna, don haka na kira Gwaggo na kwantar da ita ƙarƙashin gawa, na danna. Minti ashirin tana kwance a kan bayan da ke ci mata rai, ba ta motsa ba saboda na ce kada ta motsa, hawaye na gangara mata cikin kunne. Da na ɗaga ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Ya fito?" Mu ba ma faɗin sakamako, aikin likita ne, ko ɗan koyo ya san wannan. Na ce, "Fes, Gwaggo. Ba komai."

"Ai na faɗa musu sanyi ne! Allah ya yi maka albarka, karatunka bai tafi a banza ba."

Injiniya ya iso da la'asar, ya shafa marigayiya, ya ce sai haƙuri, fannin da ya fi ƙwarewa a kai. Masu ƙera irin idonta sun daina tun tuni.

Ta rasu ta bar likita guda, wanda zai koma duba cuta da ƙila-wa-ƙala, kuma ba na jin za a ga bambanci sosai. Ta bar nas, wadda tun gawa ba ta huce ba ta ce ɗakin zai yi kyau da sito. Ta bar manaja, wanda ya kafa kwamitin gano wanda ya kashe ta, ya naɗa ni sakatare. Ta bar mutum goma sha ɗayan da na tsallake, cikinsu har da dattijon da ya kwana biyu a mota kafin ya iso, aka ce ya koma za a neme shi. Ta kuma bar ni, da lasisi rataye a bango da tsoron da ya hana ni cin abinci.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a ƙofar baya ta asibiti, inda 'yan gwangwan, masu sayen tsoffin ƙarafa, za su karɓi gawa. Darmar jikinta za a fitar daban, don ƙarti huɗu ba sa iya ɗaga ta. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin marigayiya. A zo da rigar sanyi, esi yana aiki yanzu ba kama hannun yaro.

Roƙo ɗaya iyalai ke yi. Duk wanda hanya ta biyo da shi ta gidan Gwaggo, don Allah ya kama bakinsa. Ta zaga maƙwabta ta faɗa cewa injin ɗanta ya wanke ta, ta yaga katin ganin likita, ta koma shafa man zafi. Jiya 'yarta ta bugo min waya, ta ce ƙafafun sun ƙi ɗaukar ta zuwa banɗaki. Gwaggo ta karɓi wayar da kanta, ta ce kada in ɗaga hankalina, ita ba ta damu ba, tunda ni na gani da idona.