Barau da Ƙugiyar Kyaftin

Wani mutum ne a garinmu, Barau, wanda in ya buɗe baki sai teku. Shekara ashirin, in ji shi, yana sojan ruwa a Ikko. Shaidarsa kuwa wata farar hula ce mai baƙin baki, ko masallaci da ita yake zuwa.

To, a bakin kasuwa akwai wurin tunawa da marigayi Kyaftin Dogara, ɗan garin da ya rasu a teku wajen ceton mutanensa. Wani shirgegen ƙarfe ne mai ƙahoni biyu, daga jirginsa aka kawo, aka ɗora a kan siminti, gwamnati ta kewaye da waya. Da aka ce za a ɗauki mai kula da wurin, har da kaki da albashi, Barau ya ce ai magana ta ƙare.

Ranar tantancewa aka turo wani tsohon hafsan sojan ruwa, Alhaji Nomau, ɗan siriri, ba ya son yawan magana. Kasuwa ta watse, kowa ya zo kallo. Barau ya ƙame, ƙafa ɗaya dim! ya sara masa.

"Ka san marigayi?" in ji Alhaji.

"Sani? Ranka ya daɗe, kwano ɗaya muke ci! In teku ta yi fushi, ni yake kira: Barau, zo ka yi mata magana!"

Alhaji ya nuna ƙarfen da sanda. "To gaya wa jama'a aikin wannan."

Barau ya dubi ƙarfen sama da ƙasa. Wallahi ni da ke tsaye kusa na ga alamar bai san ko mene ne ba. Amma ina, bakin ya riga ya saba.

"Ƙugiyarmu ce ta kamun kifi! Maraƙi sukutum muke soka mata, mu jefa tsundum! Kifin da muka jawo ran nan, kwana uku muna tafiya a bayansa ba mu kai wutsiya ba."

Jama'a suka ce, "Kai!"

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Mu dai a namu jirgin, jefa shi muke ruwa don jirgi ya tsaya."

"E to... wani lokaci har da hakan."

Alhaji ya matso, ya ƙura masa ido. "Ara mini hular nan."

Alhaji ya karɓa, ya juya cikinta, ya ɗaga wa mutane. Ga rubutu nan da tawada, ya koɗe amma yana karantuwa: NOMAU.

"Barau mai wanki da guga na bayan bariki! Shekara talatin ke nan da na ba ka wankin hular nan, har hukunci aka yi mini a kanta. Sai yau ta bushe?"

Dariya ta ɓarke, wani mai nama har da faɗuwa daga benci. Alhaji ya kafa hularsa, ta zauna masa ɗaram. Barau ya ratsa kasuwa kai ba hula, sanƙo na ƙyalli, mahauta na bin sa da kira: "Kyaftin, ga maraƙi, yaushe za mu kamun kifi?"