Ranar da Na Mayar wa Bashar Takalminsa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Argungu ba. Ko na so in manta, tafin ƙafata ba zai yarda ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a makaranta, ina zaune a unguwar Gesse a Birnin Kebbi, gidan yayata Luba. Shekara uku ina tare da wani Bashar, mutumin da in na yi dariya ya ce ta yi ƙarfi, in na yi shiru ya ce raini ne. Shi ke zaɓar mini ƙawaye. Wayata kuwa kullum sai ya bincike ta kamar ɗan sanda a shingen hanya. Sau huɗu muna rabuwa, sau huɗun ni ke ba da haƙuri (kar ku tambaye ni laifin me, har yau ban sani ba).

A rabuwa ta biyar ne na faɗa wa fina-finai. Akwai mai tura su a waya a bakin titinmu, har ya san irin nawa. Da la'asar sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Yaya Luba na tsintar shinkafa, ni na jingina waya da kofi, muna kallo muna zagin maza. Wallahi ina kewar kwanakin nan. Duk jarumar da aka wulaƙanta, ni ce. Ta yi kuka in taya ta. Amma akwai wadda ta fi shiga raina: ta tattara kayan da saurayi ya ba ta, ta zube masa gaban abokansa, ta faɗi magana biyu, ta juya a hankali iska na kaɗa mayafinta. Na maimaita wurin nan har Yaya ta haddace.

To, a al'ada ba yarinya ke mayar da kaya ba. Manya ke ɗauka su kai wa manya, a yi addu'a a watse. Kawunmu ma ya ce zai kai da kansa. Ni dai na san halina: kafin Kawu ya shirya, Bashar zai kira, in narke. So nake in yi abin da in na yi shi babu sauran hanyar komawa.

Sai ga bikin wata 'yar ajinmu a Argungu, angon kuma abokin Bashar ne. Na zuba waya, turaruka, atamfofi da agogon da ya ba ni a jakar bakko. Kwana biyu ina gwajin jawabi gaban madubi.

Bayan ɗaurin aure, rana tsaka, ga zafin bazara, maza na ƙarƙashin rumfa suna cin shinkafa da kifi. Na ƙwama baƙin gilashi, na ratsa filin, na dire jakar gabansa.

"Bashar, ga kayanka. Daga yau ko tsinkenka ba ni buƙata."

Muryata ko rawa ba ta yi ba. A fim, nan ne saurayi ke sunkuyar da kai. Nawa kuwa ya zare ƙayar kifi daga bakinsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"To, madalla. Takalmin ga na ƙahwarki hwa, wa yas saye shi?"

Na dubi ƙafata. Shi ne. Da sallar bara ya kawo mini, har na manta.

Mai hankali da ta wuce abinta. Ni jaruma, sai na tuɓe su, na ɗora kan jakar, na juya a hankali. Taku ɗaya, biyu, uku, duk da yanga. A na huɗu yashin Argungu ya gaishe ni. Jama'a, garwashi ne. Na fara ɗage ƙafa, na koma tsalle, gilashi ya faɗi, na kwasa da gudu ina wayyo Allah, mayafi a hannu. Dariyar da ta tashi a rumfar nan har ango sai da ya ƙware.

Gindin wata bishiyar dogon yaro na zube, kusa da wata tsohuwa mai wanke kwanukan biki. Ta turo mini silifas ɗin alwalarta, ƙafa ɗaya shuɗi, ɗaya ja.

"Ɗiyata," in ji ta, "in za ki yin zuciya, ki bari rana ta yi sanyi."

Da su na hau mota zuwa Birnin Kebbi, ina kuka ina jin kamar ƙasa ta tsage. A gida Yaya Luba ta shafa mini man kaɗanya a ƙafa tana dariya har da hawaye.

Kwana uku bayan nan Bashar ya kira wayarta, wai a faɗa mini ya yafe, in zo mu yi magana. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta motsa. Sai na dubi bororon da ya cika tafin ƙafata, na ce, "Yaya, ce mishi ba ni iya tasowa."

Ban taso ba kuwa, har yau. Abin da na koya shi ne, jaruman fim a inuwa ake ɗaukarsu. In za ki bar mutum ki bar shi, amma ki je da takalmin da kika saya da kanki.